Sai ta cika: yaushe salula za ta rage zaman tasha?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a Agiye, Gazawa ko Gidan Rumji ya san dokar tasha: mota ba ta tashi sai ta cika. Ɗan kasuwa ya zauna tun hantsi, kasuwa ta watse bai isa ba. Ma'aikaci ya makara taro a Maraɗi. Alhali manyan motocin kamfanoni irin su Rimbo, masu tashi tun asuba daga Damagaram zuwa Yamai, suna ratsa garuruwan nan uku bisa hanya mai lamba 1.

Haɗa fasinjoji a mota guda tsohuwar al'ada ce a ƙasarmu. Abin da ya rage shi ne labari: direban ƙauye bai san sa'ar da babbar mota za ta iso ba, mai sayar da tikiti kuma bai san mutum nawa ke tafe daga ƙauyuka ba.

A Helsinki, babban birnin Finlanda, hukumar sufuri ta gwada wani tsari mai suna Kutsuplus daga 2012: fasinja ya kira ta salula, na'ura ta haɗa shi da masu bin hanya ɗaya. Motoci 15 kacal aka sa, tsada ta yi yawa, aka rufe shi a ƙarshen 2015. Darasin a fili yake: dabara ba ta tsayawa in ba ta dogara da motocin da ke kan hanya ba.

Mu kuwa motocin suna nan, salula kuma ta shigo tun zuwan Celtel a 2001. Sai ƙungiyar direbobi ta ajiye lamba guda a kowace tasha. Fasinja ya kira ya kama wuri, ɗan kamasho ya rubuta suna, ya sanar da direban da layi ya zo kansa, ya kuma tambayi kamfani inda babbar mota take. Ta haka motar ƙauye za ta iso bakin kwalta a kan kari, layi bai rushe ba, abincin ɗan kamasho bai yanke ba.

Magadan gari da shugabannin direbobi, ku gwada a tasha guda, ran kasuwa guda. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.