Mai ciwon ƙoda: a gyara tukunya, kada a kashe shi da yunwa

Da zarar likita ya ce ƙoda ta taɓu, sai gida ya cika da masu ba da fatawa. Gwaggo ta hana nama, maƙwabci ya hana wake, wani ya ce ko ƙwai kada a kusanta, wani kuma ya zo da jarkar jiƙo. Kafin wata uku majinyaci ya koma kan farar shinkafa da koko, ya rame, kuma miyar da ake zuba masa tana nan da dunƙulenta huɗu kamar yadda aka saba. An hana shi abin da jikinsa ke buƙata, an bar masa abin da ke cutar da shi.

Gishiri ne babban abin ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma ƙa'idojin ƙungiyar masana ƙoda ta KDIGO na 2024 sun tsaya a kan wannan iyaka ga masu ciwon ƙoda: ƙasa da giram 2 na sinadarin sodiyam. Ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da rarar sodiyam, sai ruwa ya taru, ƙafa ta kumbura, jini ya hau, hawan jinin kuma ya ƙara cinye ƙodar. Uwargida za ta rantse cewa ta daina sa gishiri, kuma gaskiyarta, amma kusan rabin nauyin dunƙulen miya gishiri ne. Ga yajin tsire, ga kilishi, ga kifin gwangwani da taliyar leda mai ɗan ƙunshin ɗanɗano. Ga kuma kanwa, wadda ba a cika lissafa ta ba ko a asibiti, alhali tana ɗauke da sodiyam mai yawa, kuma tana cikin ɗanwake da miyar kuɓewa da dahuwar wake da kunun kanwa. Daddawar da ba a cika wa gishiri ba, da albasa, tafarnuwa, citta da ɗan tsami, suna iya riƙe ɗanɗanon miya. Gishirin kanti da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini kuwa haɗari ne ga mai ciwon ƙoda, domin an musanya sodiyam ɗinsa da fotasiyam.

Batun nama shi ne inda aka fi yin ɓarna. Wanda bai kai ga wankin ƙoda ba ana so ya tsaya a kan kimanin giram 0.8 na sinadarin gina jiki ga kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 60 ke nan yana da giram 48. Wanda ya fara wanki lissafinsa ya juya, domin na'urar tana ɗebe wani ɓangare na sinadarin, don haka yana buƙatar giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Iyalin da suka ci gaba da hana mai wanki ƙwai da kifi da kaza, bisa umarnin da aka ba su shekara biyu baya, suna ƙarar da shi ne da kyakkyawar niyya.

Fotasiyam ma haka yake. Idan ya haura 6 a gwajin jini yana iya dagula bugun zuciya har ta tsaya, kuma ledar da 'yan dubiya ke kawowa, ayaba da lemo da dabino, cike take da shi. Haka dankalin turawa, tumatirin gwangwani, alayyahu, da zogale da ake ɗauka maganin komai. Amma ba kowane majinyaci ne fotasiyam ɗinsa ke hawa ba, musamman a matakan farko, don haka takardar gwaji ce ya kamata ta yanke hukunci. Wanda nasa ya hau yana da abarba, tuffa, kabeji da kokwamba, kuma dankali ko doya idan aka yanka ƙanana aka tafasa cikin ruwa mai yawa aka zubar da ruwan, fotasiyam ɗinsu yana raguwa sosai. Fosfaros, wanda taruwarsa ke kawo ƙaiƙayi da raunin ƙashi, hanji ya fi zuƙe na lemon kwalba mai duhu da abincin gwangwani a kan na wake da gyaɗa.

Ruwa kuma? Ga mai wanki da fitsarinsa ya ragu, ana yawan ƙayyade masa adadin fitsarin jiya da ƙarin kusan rabin lita, kuma koko da fura da miya duk suna cikin lissafi. A zafin Afirilu na Maiduguri wannan azaba ce, kuma babu abin da ke sauƙaƙa ƙishirwar kamar rage gishiri.

Duk wannan ba abin da likita zai bayyana cikin minti biyar ba ne, da layi a bakin ƙofarsa. An yi ƙoƙari wajen na'ura: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, Jihar Yobe, inda cutar ta addabi yankin Gashuwa, tana wanki kyauta, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Sai dai wanki awa huɗu ne, sau uku a mako ga mai hali. Sauran lokacin majinyaci yana hannun mai girki. Albashin ƙwararren masanin abinci bai kai kuɗin na'ura ɗaya ba. Ya kamata kowace cibiyar wanki ta samu nata, ya zauna da matar gida ko 'yar da ke riƙe da muciya, ya yi bayani da Hausa ko Kanuri, da ma'aunin ludayi da malmala, ya kuma sake duba jadawalin duk lokacin da sabon gwajin jini ya fito. Kafin azumi ma, a kira majinyata ɗaya bayan ɗaya a tantance wanda zai iya ɗauka da wanda ciyarwa ta fi masa, da adadin dabinon da zai buɗe baki da shi.