Tsadar akwatin sauraro ba ta gyara murya

Wani sabon yayi ya fara shigo mana Kilomita Biyar ta hannun 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Duwala: ɗan ƙaramin akwati da ake haɗawa da intanet, ya jawo karatu ko waƙa ya miƙa wa sifikun falo. Akwai mai araha, akwai kuma wanda kuɗinsa zai biya wa yaro makaranta shekara guda cur. Masu sayarwa na cewa mai tsadar "ya fi fitar da murya". Ni dai a ganina, a gidajenmu na nan Bangui, wannan kuɗin zubar da shi ake yi.

Bari mu duba aikin akwatin. Sautin da ke cikin waya ko intanet lambobi ne. Faifan CD da ya fito a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa guda, kuma hakan ya wadatar da iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji, wato girgiza kusan 20,000 a daƙiƙa. Akwatin ɗan aike ne: ya karɓo lambobin, ya isar da su. In sun iso cikakku, to sun iso, ko mai riga ya kawo su ko mai tsumma. Saura ɓangaren da ke mayar da lambobin su zama sauti, shi kuma yanzu ya yi araha har na'ura mai matsakaicin kuɗi ma tana da nagari.

An gwada kunnuwa ma. A 2007 wasu mutum biyu a Boston ta Amurka, Brad Meyer da David Moran, sun sa mutane su bambance sautin da aka ce ya fi na CD da na CD ɗin, ba tare da sun san wanne ake kunnawa ba. Cikin gwaji 554 an dace sau 276. Rabi ke nan, daidai da wanda ya yi canki-canka. Wani nazari da aka yi a Landan a 2016 ya ce akwai ɗan bambanci, amma ƙanƙani ƙwarai. Wannan fa a ɗakin da ba hayaniya, ba wai a bakin titin Koudoukou da babura ke kai da kawowa, janareton maƙwabci na ruri ba.

To mu me muke saurara? Wa'azin da aka ɗauka da waya a masallaci, aka tura ta WhatsApp, ya bi hannu goma kafin ya iso. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu tun 1999, da aka kwafo daga tsohon kaset aka zuba a memori a kasuwa. Abin da ya zube tun wurin ɗauka, ko lokacin da aka matse fayil don ya yi sauƙin turawa, babu akwatin da zai dawo da shi. Hasali ma na'ura mai kyau tona asirin mummunan ɗauka take yi, ka ji shuuu ɗin kaset ɗin tangaram. Sannan da yawanmu ta Bluetooth muke haɗawa, shi ma yana sake matse sautin kafin ya kai sifika.

Ga batun data. Minti guda na sauti mai ingancin CD yana cin kusan megabait 10, alhali MP3 na yau da kullum kusan 1 yake ci. Wa zai jure wannan a Orange ko Telecel kullum? Ƙarshenta Alhaji zai koma kan ƙaramin ingancin da wayar ɗansa ma ke bayarwa, akwatin mai tsada na zaune a kan tebur yana ƙyalli.

Uwa-uba wuta. Kowa ya san yadda wutar Enerca daga Boali ke zuwa da ɗaukewa, wani lokaci ta dawo da ƙarfin da ke ƙona kaya. Akwatin nan in ya ƙone, mai gyaran rediyo na unguwa ba shi da kayansa, kuma ba wanda zai ɗauke shi ya bi hanyar Garoua-Boulaï don mayar wa kamfani.

Ban ce kowane akwati ɗaya ne ba. Akwai na banza da ke gunji da tsaki, ko ya riƙa yankewa. Wannan a guje shi. Mai tsada kan fi sauƙin sarrafawa, ya fi ƙwari, ya fi kyan gani, kuma wanda Allah ya hore masa yana da damar sayen abin da ransa ke so. Sai dai ya san kwalliya ya saya. Abin dariyar ma, kunne na rage jin siraran sautuka yayin da shekaru ke ja, don haka masu kuɗin sayensa su ne suka fi nisa da jin bambancin da ake tallata musu.

Mai son karatun Husari ko Abdulbasit ya fita raɗau a falonsa, ya sa kuɗinsa a sifiku nagari, don su ne ke motsa iskar da kunne ke ji. Ya ɗaga su daga ƙasa, ya janye su daga lungu. Ɗakin siminti da tayil da rufin kwano yana amsa kuwwa. Darduma da labule masu kauri na rage wannan fiye da kowace na'ura. Ya nemi fayil mai kyau daga tushe, ya sayi na'urar daidaita wuta.

In kuwa mai shago ya nace, a ce masa ya haɗa mai arahar da mai tsadar a sifika ɗaya, a daidaita ƙarar su zama ɗaya, don wanda ya fi ƙara kullum yakan yi kamar ya fi daɗi. Mai saye ya juya baya, wani ya riƙa sauyawa sau goma, shi kuma yana faɗin wanne ne ke yi.