Kifi Ba Ya Kuka

Yau zancenmu a kan kifin ado ne, irin wanda ake ajiyewa cikin akwatin gilashi a falo.

Akuya in ta ji ciwo takan yi kuka, amma kifi ba shi da murya, sai ki lura da kanki. In kin ga ya taso sama yana haɗiyar iska, ko ya ɓuya ya ƙi abinci, ko launinsa ya koɗe, to, a takure yake. In abin ya daɗe jikinsa kan yi rauni, cuta ta kama shi, har ya mutu.

Yawanci laifin ruwa ne. Kashin kifi da ragowar abinci sukan ruɓe, su fid da guba mai suna amoniya, wadda ke ƙona masa wurin numfashi. Saboda haka kada ki tara kifaye da yawa wuri ɗaya. Abinci kuwa, ba su abin da za su cinye cikin minti 2 kawai.

Kowane mako ki kwashe kashi ɗaya cikin 4 na ruwan, ki zuba sabo. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin mai kashe kifi, sai a ɗiga masa maganin da masu sayar da kifin ke da shi. Kada sabulu ya taɓa akwatin.

Ki kau da shi daga rana da sanyin hunturu, ki kuma hana yara ƙwanƙwasa gilashin. Rigakafi dai ya fi magani.

Sai mako mai zuwa.