A Daina Tallan Marubutanmu a Gadon Asibiti, a Kafa Musu Asusu

Abin ya zama ruwan dare. Marubucin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rubuta wa Hausawa littafi zai kwanta ciwo, sai a ɗauke shi hoto a gadon asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu, a manna a Facebook tare da lambar asusun banki. Jama'a su yi ta zuba addu'a, masu tura kuɗi kuwa ba su taka kara sun karya ba. Ba a daɗe ba sai hoton ya dawo da sanarwar rasuwa, a shiga kirari: gwarzo, fasihi, bango ya faɗi. Wannan tozarci ne, kuma mu da muka karanta littattafan nan muna da hannu a ciki.

Wasu al'ummomin sun ji irin wannan kunya tun da daɗewa, suka tashi suka yi maganinta. A 1787 wani malami a Landan, Floyer Sydenham, wanda ya fassara ayyukan Aflatun daga Girkanci zuwa Ingilishi, ya mutu a kurkuku saboda ɗan bashin abinci da ya kasa biya. Mutuwar ta girgiza wani malami ɗan yankin Wales, David Williams, har ya kafa asusun agaza wa marubuta a 1790, wanda yau ake kira Royal Literary Fund. Sama da shekara 230 ke nan asusun yana aiki. Ya taimaki Coleridge da Joseph Conrad da D. H. Lawrence da Dylan Thomas. A 1915 ya ba James Joyce fam 75 lokacin da yake cikin ƙunci a Zurich, shekaru kafin duniya ta san darajarsa.

Ba baitulmalin gwamnati ke riƙe da asusun ba. Marubuta ne suka yi wasiyya da wani kaso na kuɗin da littattafansu ke kawowa bayan ransu, irin su Somerset Maugham da A. A. Milne, mai labaran Winnie-the-Pooh, wanda kasonsa ya kawo wa asusun miliyoyin fam. Marubucin da ciwo ko tsufa ko bashi ya durƙusar da shi zai nema a rubuce, kwamiti ya duba ayyukansa da halin da yake ciki, a ba shi a asirce. Ba hoto, ba shela. A Amurka ma akwai Authors League Fund tun 1917, aikinsa ke nan.

Kada wani ya ce ai su masu kuɗi ne. Binciken da ƙungiyar ALCS mai karɓar wa marubutan Birtaniya haƙƙinsu ta fitar a 2022 ya nuna matsakaicin abin da ƙwararren marubuci ke samu daga rubutu a shekara fam 7,000 ne, kuɗin da ba ya riƙe gida a can. Haka sana'ar take a ko'ina: ba albashi, ba fansho, ba hutun jinya. Ranar da ido ya mutu ko hannu ya shanye, ranar tukunya ta daina hawa murhu. Bambancinmu da su shi ne sun yarda da wannan gaskiyar sun yi mata tanadi.

Mu fa? Tun daga shekarun 1980 marubutan da aka laƙaba wa aikinsu sunan adabin kasuwar Kano, akasarinsu mata, suka sa matan aure da 'yan mata da matasa karatun Hausa ba tare da gwamnati ta kashe sisi ba. Da kuɗinsu suka buga, wasu da kuɗin adashi, wasu sai da suka sayar da kayan ɗaki. Dillalai suka karɓi littattafan bashi, biya sai an yi ta sintiri. Da kasuwar takarda ta mutu rubutu ya koma waya, sai wani sabon zalunci ya kunno kai: mutum ɗaya ya biya, ya watsa littafin a rukunonin WhatsApp kyauta, wani ya karanta shi a YouTube ya karɓi kuɗin talla, mai shi ko katin waya bai gani ba. Kowa ya ci da guminsu. In sun kwanta kuma kowa ya ɗauke kai.

Masu hannu da shuni ba su da ta cewa. Mun san yadda ake yi a bikin ƙaddamar da littafin wani babba: a miƙe a ambaci miliyoyi a gaban kyamara, a tafa. Kaso kaɗan na abin da ake ambata a zaure ɗaya zai biya kuɗin maganin tsofaffin marubuta masu yawa. Gasa ma ba ta maye gurbin asusu. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG dala 100,000 ce, amma mutum ɗaya ke ɗauka a shekara, kuma rubutun Ingilishi ake shiga da shi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa ta fito da sababbin marubuta mata tun 2016, an gode. Amma gasa ta mai lafiya ce da ke iya zama ya yi rubutu. Wanda ke layin wankin ƙoda ba gasa yake nema ba. Ita kuwa gwamnatin tarayya, tun 1991 akwai dokar kafa asusun tallafa wa fasaha na ƙasa. A je a tambayi marubutan Hausa ko akwai wanda ya taɓa ganin amfaninta.

Na san masu cewa marubuci ya nemi sana'a mana. Rubutun mene ne in ba sana'a ba? Littafin da aka sa a manhajar makaranta, labarin da aka mayar fim, wasan da aka saurara a rediyo, aljanu ne suka rubuta? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mu da buƙatar aron wannan tunani daga Turawa. Addininmu ya zo da waƙafi. Matalauta da mabuƙata da waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin mutum takwas da ake ba zakka. Kano tana da hukumar zakka da hubusi. Kayan aiki duk suna hannunmu, niyya ce babu.

Asusun da nake kira a kafa dole ya dace da mu. Na Ingila yana neman marubucin da kamfanin ɗab'i ya wallafa wa aiki. In muka kwafi wannan sharaɗi mun kori yawancin namu, domin da kansu suka buga. A auna mutum da ayyukan da ya fitar da shaidar abokan sana'arsa. A sa amintattu da ba sa cin moriyar asusun, a riƙa bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita duk shekara, amma a rufa asirin wanda aka ba. Kuɗin ya fito daga gudummawar mambobi, da wani kaso na duk abin da aka tara a bikin ƙaddamarwa, da waƙafin attajirai, da wasiyyar marubutan da littattafansu ke ci har yanzu.

Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohin Arewa, ga kuma ƙungiyoyin marubutan Hausa birjik. Ina kira gare su: taron da za ku yi nan gaba, ku ajiye rabon lambobin yabo ku fito da kundin tsarin wannan asusu da sunayen amintattunsa. Kai kuma mai karatu, ka fara daga naka ɓangaren: littafin da aka turo maka kyauta alhali na sayarwa ne, nemi mai shi ka biya shi haƙƙinsa tun yana da rai.