Gudun fanfalaki da titin da muka rasa

Tun daga 2016, duk shekara, galibi a watan Fabrairu, Legas takan rufe wasu manyan titunanta domin mutane su yi gudu. A shekarun baya, da sassafe 'yan tsere kan tashi daga babban filin wasa na Surulere, su haye gadar Third Mainland, su ƙare a Eko Atlantic, tafiyar kilomita 42 da ɗoriya. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a wannan rana ya san yadda kallon yake. Sai ka daɗe kana jira, sannan baburan 'yan sanda su wuce, motar agogo ta biyo baya, sai ga na gaba-gaba, yawancinsu 'yan Kenya da Habasha, sirara, babu mai magana, takun takalma kawai kake ji. Kafin ka saita waya sun yi nisa.

Daɗin kallon yana wajen na baya. Magidanci mai tumbi, uwar 'ya'ya, dattijo yana jan ƙafa gumi ya jiƙe masa riga, ga mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna miƙa masa ruwa suna ce masa saura ƙiris. Dubban jama'a cirko-cirko a titi, har da masu goyo, babu wanda yake waige yana neman hanyar tsira. Wannan tsayuwar ce nake yi wa mutanenmu sha'awa.

Mutumin Sheme da ke ƙaramar hukumar Faskari a jihar Katsina ya san gudu, amma na ceton rai. Ya san titin da ya taso daga Funtua ya ratsa garinsa ya bi ta 'Yankara zuwa Tsafe da Gusau, ya san wanda ya nufi Ƙanƙara, ya kuma san shekarun da direba ba ya yarda magariba ta riske shi a kansu. A ranar 21 ga Nuwamba 2020 Kaduna ta yi tserenta na farko, na kilomita 21. Bayan kwana 20, a daren 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora su daji a ƙafa. Waɗannan yara sun yi tafiyar da ta fi ƙarfin shekarunsu, babu mai tafa musu, iyaye na gida cikin kuka.

Na san za a ce wanda ke neman na tuwo, gonarsa ta gagare shi zuwa, ina ruwansa da tsere. Maganar tana da nauyi. Tsere ba ya korar ɗan bindiga, kuma duk kuɗin da ya kamata su tafi tsaro kada a taɓa su. Sai dai a tuna cewa ba rayuka da shanu kaɗai 'yan ta'adda suka raba mu da su ba. Sun raba mu da taro. Yaron da aka haifa a Sabuwa ko Faskari shekara goma da suka wuce ya tashi da sanin cewa idan ya ga jama'a na gudu, to babu lafiya. Ya cancanci ya ga an yi gudu ana dariya, kamar yadda iyayensa suka tashi suna jeruwa bakin hanya ranar hawan salla.

Ba sai an gayyato 'yan Kenya an zuba musu daloli ba. A fara da kilomita 5 ko 10 a cikin gari, tsakanin ɗaliban sakandare da matasan unguwanni, da hantsi, bayan jami'an tsaro sun tabbatar da hanya. Dakarun tsaron al'umma da gwamnatin Katsina ta Dikko Raɗɗa ta kafa a 2023 'yan gida ne, sun san kowane lungu. Kyauta kuwa, keke ko kuɗin jarrabawa ya wadatar. Pankshin ta jihar Filato ta daɗe tana fitar da gwanayen dogon gudu na ƙasar nan, kuma ban ga abin da zai hana a samu irinsu cikin samarin da ke zuwa gona da kasuwar Sheme a ƙafa ba.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, da hakimai da shugabannin makarantu: ku zauna da jami'an tsaro ku tsayar da rana bayan kaka. Idan sun ce hanyar ba za ta tsaru ba, ku fito ku faɗa wa talakawa, ku kuma faɗa wa Katsina abin da ake buƙata domin ta tsaru.