Ambaliyar Binuwai: A Tambayi Mai Ɗaki

Tun da aka mai da Yola hedkwatar Jihar Gongola a 1976, garin Jimeta ke ta bunƙasa, filaye suka yi tsada. Masu hali suka haye tudu irin na Dougirei, talakawa kuwa suka gangara bakin kogin Binuwai inda fili ke da araha. Da Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo a 2012, da kuma 2022, gidajen waɗannan bayin Allah ruwan ya fara ci. Madatsar Dasin Hausa kuwa, wadda aka ce za ta tare shi, har yau ba a gama ta ba.

Hukuma takan ce su tashi. To, su tashi su koma ina? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu unguwanni da masunta da manoman fadama sun san hanyar da ruwa ke bi tun kaka da kakanni. Ya kamata ma'aikatan tsara gari su zauna da su kafin a haƙa magudana ko a rushe gida. Wanda aka tasa kuma a ba shi fili a tudu, kusa da sana'arsa. In ba haka ba, baɗi ma sai dai a raba shinkafa da tabarmi.