Wa ya riƙe mudun da ake auna Intel da AMD?

1/ Jama'a, kullum sai an yi musu a nan: Intel ko AMD, wa ya fi ƙarfi? Kowa ya jefo hoton makin gwaji ya ce magana ta ƙare. Ni dai na ce kafin ka yarda da awo, tambayi wanda ya riƙe mudun. Ku biyo ni 🧵

2/ Intel na da manhajar da ke juya rubutun masu haɗa manhaja zuwa yaren na'ura. An gano tana leƙa sunan furosesa: in ta ga "GenuineIntel" sai ta bi hanya mai sauri, in ba haka ba ta bi ta a hankali, ko da na'urar za ta iya gudun.

3/ A 2008 Ars Technica ta ɗauki furosesar VIA Nano, ta sauya mata suna kawai zuwa "GenuineIntel", ta sake gwajin PCMark 2005. Makin ɓangaren ma'ajiya ya tashi da kusan rabi. Na'ura ɗaya fa, suna kawai aka canza!

4/ Maganar ta kai ga hukumar FTC ta Amurka. A sulhun 2010 an wajabta wa Intel ta riƙa faɗa wa masu amfani da manhajar cewa tana bambanta na'urorinta da na wasu.

5/ A 2011 AMD, Nvidia da VIA suka fice daga ƙungiyar BAPCo. AMD ta ce gwajin SYSmark 2012 bai yi mata adalci ba.

6/ A 2018 Intel ta biya Principled Technologies ya gwada i9-9900K da Ryzen 7 2700X. Sai aka kunna wa Ryzen wani saiti da ya kashe 4 daga ƙwayoyin aikinsa 8. Da aka yi ca, aka sake gwajin, tazarar ta ragu sosai. An ɗaure wa ɗan dambe hannu, an ce ya sha kaye 😅

7/ Amma kada 'yan AMD su yi tafi. A 2019 ita ma ta amince ta biya dala miliyan 12.1 kan ƙarar cewa ta zuzuta yawan ƙwayoyin furosesarta ta Bulldozer. Kowa da nasa kashin a gindi.

8/ Wani zai ce ai duk ɗan kasuwa yana yabon hajarsa. Haka ne. Amma talla daban, gwajin da ya sa rigar alƙali daban. Shi ne ke sa ɗalibi ya zuba kuɗin da ya tara shekara guda a laftof ɗin da ba za ta yi masa aiki ba.

9/ Shawarata: duba wa ya biya kuɗin gwajin. Kwatanta masu gwaji uku da ba su da alaƙa. Nemi sakamakon irin aikinka, tace bidiyo ne ko wasa. Ka kuma duba zafi da batir.

10/ Kamfanin nan bai san da zamanka ba, ɗan'uwa. Kuɗinka ne, ka auna da naka mudun. Wace na'ura kuke amfani da ita, kuma ta cika alkawari? 👇